Kare da Madubi: Ko Ya San Shi Ne Yake Gani?

Ɗan kwikwiyon da ya fara cin karo da madubi abin kallo ne. Sai ya ƙame, kunnuwa a miƙe, ya zuba wa wancan na ciki ido. Wani ya hau haushi yana ja da baya. Wani ya kwantar da ƙirji a ƙasa, ƙugu a sama, yana kaɗa jela, wato gayyatar wasa irin ta karnuka. Da yawa sukan zagaya bayan madubin su leƙa, ko za su riski baƙon a can. Bayan 'yan kwanaki kuma sai a ga abin ya wuce, kare ya gifta ta gaban madubin ko waiwaye babu. Babban karen da ya riga ya saba kuwa, da wuya ka ga ya ɓata lokacinsa a wurin.

A wajenmu, inda kare na gadi ne ko na farauta, ba ya shiga ɗaki balle ya tsaya gaban madubin uwargida, an fi ganin wannan wasan a jikin ƙofar mota mai sheƙi, ko gilashin shago, ko bakin ruwan da ya kwanta. Tsohon labarin nan na karen da ya ɗauko ƙashi a baki, ya hango inuwarsa a kogi, ya buɗe baki don ya ƙwace na wancan, nasa ya faɗa ruwa, yana cikin tatsuniyoyin Girkawa, yana kuma cikin littafin Kalila wa Dimna. Kwaɗayi labarin ke suka, amma ya tafi da wani zato da mutane suka daɗe suna yi, cewa kare bai san kansa ba.

To in haka ne, me ke sa shi daina kulawa daga baya? Ya gane shi ne, ko kuwa gajiya kawai ya yi da baƙon da ba ya cizo, ba ya wasa, ba ya wari? Gajeriyar amsa ita ce, har yau ba a samu karen da ya ci shahararriyar jarrabawar madubi ba. Sai dai jarrabawar kanta tana da nata laifin, kuma da masu bincike suka bi ta wasu ƙofofin, sun tarar da kare ya san abubuwa game da kansa fiye da yadda madubi ke nunawa.

Jarrabawar da ta zama ma'auni

A 1970 wani masanin halayya ɗan Amurka, Gordon Gallup, ya wallafa gajeren rahoto a mujallar Science. Ya yi aiki ne da matasan birai huɗu na jinsin cimfanzi, manyan biran nan marasa wutsiya waɗanda har yau akwai danginsu a dajin Gashaka Gumti. An ware kowanne shi kaɗai, aka girka masa madubi na tsawon kwana 10. Da farko abin da kwikwiyo ke yi suka yi: barazana, tsalle, ihu, suna ɗaukar na cikin gilashin wani biri ne daban. Wajen kwana na uku sai al'amarin ya sauya. Suka koma duba sassan jikinsu da ido ba ya kaiwa, suna sakace haƙori, suna ciro datti daga hanci da gefen ido, suna murguɗa baki suna kallon yadda yake fitowa.

Gallup bai tsaya nan ba, domin mai musu zai iya cewa abin da yake so ya gani ne ya gani. Sai aka yi wa biran allurar barci, aka shafa musu jan launi marar wari, wanda ba a jin sa a fata, a saman gira ɗaya da kuma saman kunnen ɗaya ɓangaren. Wuraren nan biyu ba yadda biri zai gan su sai da madubi. Da suka farfaɗo, babu madubi a gabansu, kusan ba su taɓa wurin ba. Ana dawo da shi sai hannu ya nufi girar kai tsaye, ba gilashin ba, har wasu na duba yatsunsu suna shinshinawa. Wasu cimfanzin da ba su taɓa ganin madubi ba, aka yi musu irin alamar, ba su kai hannu ba. Ƙananan birai masu wutsiya kuwa, duk daɗewarsu da madubi, ba su daina yi masa kallon baƙo ba.

Hikimar a bayyane take. Dabbar da ta ga tabo a cikin gilashi ta kai hannu kan goshinta, ta san cewa hoton nan nata ne, ta kuma san yadda fuskarta take a da, tunda ta lura an ƙara wani abu. Bayan shekara biyu, a 1972, Beulah Amsterdam ta gwada jarirai da ɗigon ja a gefen hanci, aka ga yawancin yara sai sun kai wata 18 zuwa 24 suke taɓa hancinsu. Kafin nan su ma wasa suke yi da ɗan'uwansu na cikin madubi.

Daga nan aka shiga zagaye dabbobi da madubi. Birin orangutan na dazuzzukan Indonesiya ya ci. A 2001 Diana Reiss da Lori Marino suka ba da rahoton cewa dolfin biyu, dabbar tekun nan mai siffar kifi amma tana shayarwa, in aka yi musu alama sukan garzaya gaban madubi su juya daidai wurin suna dubawa. A 2006 aka kafa wa giwayen Asiya uku madubi mai tsawon kusan mita 2.5 a gidan namun daji na Bronx da ke New York, ɗaya daga cikinsu mai suna Happy ta riƙa taɓa farar alamar da aka zana mata a ka da dogon hancinta. A 2008 a Jamus wani tsuntsu ɗan'uwan hankaka ya yi ta ƙoƙarin kankare ɗan tambarin da aka liƙa masa a wuya. A 2019 kuma Masanori Kohda da abokan aikinsa a Japan suka zo da wanda ya rikita kowa: wani ɗan ƙaramin kifi, wanda sana'arsa ita ce tsince wa manyan kifaye ƙwari a jiki, ya ga tabo a maƙogwaronsa cikin madubi, ya je yana goga wurin a ƙasan tanki. Shi Gallup bai gamsu da yawancin waɗannan ba. A wajensa, ban da ɗan Adam, cimfanzi da orangutan ne kaɗai hujjarsu ta tsaya da ƙafafunta.

Kare fa? A yi masa alama a goshi, a kai shi gaban madubi, ba zai ɗaga ƙafa ya goge ba, ba zai juya kai yana dubawa ba. Kyanwa ma haka.

Laifin kare ne ko na jarrabawar?

Bahaushe ya ce biri ya yi kama da mutum, kuma a nan maganar take. Biri da mutum da ido suke sanin duniya, suna da hannu, kuma suna da ɗabi'ar tsince wa juna jiki. Tabo a fuska abu ne da zai dame su. Jarrabawar tana buƙatar abubuwa uku su haɗu a lokaci guda: dabba ta ga tabon, ta san a jikinta yake, sannan abin ya dame ta har ta yi yunƙurin cire shi. In ɗaya ya ɓace an faɗi, kuma mai kallo ba zai san wanne ne ya ɓace ba.

Ɗauki na farko. Idon kare launi biyu yake rarrabewa sosai, shuɗi da rawaya. Ja da kore dushi-dushi suke zuwa masa, abin da Jay Neitz da abokansa suka tabbatar tun 1989. Kaifin ganinsa ma bai kai namu ba. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne, abin da mutum zai tantance daga mita 23, sai kare ya matso kusan mita 6. Inda ya fi mu shi ne ganin motsi da gani cikin duhu-duhu. Wannan dai matsala ce mai sauƙi, ana iya sauya launin. Na ukun ne mai wuya. Dabbar da ke birgima cikin taɓo da mushe da gangan, ta tashi tana murna, me ya dame ta da ɗigon fenti a goshi?

Ba a kan dabbobi kaɗai jarrabawar ke tuntuɓe ba. A wani bincike da Tanya Broesch da abokan aikinta suka wallafa a 2011, an gwada yara 82 a ƙauyukan Kenya, wasunsu har sun kai shekara 6. Biyu kacal suka taɓa alamar da aka sa musu a goshi. Sauran yawanci ƙamewa suka yi suna kallon madubin. Babu mai hankalin da zai ce yaro ɗan shekara 5, mai amsa sunansa, mai zuwa aike, bai san kansa ba. Bayanin da masu binciken suka fi karkata gare shi shi ne tarbiyya: baƙo babba ya sa maka abu, ba a ce ka cire ba, to ba ka cirewa. Duk wanda ya tashi a gidan da yaro ba ya haɗa ido da babba zai gane wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Birin gorila ma an daɗe ana zaton abin da ke kayar da shi ke nan, domin a wajensu zuba wa wani ido tsokana ce, saboda haka ba ya daɗewa yana kallon gilashin.

Akwai kuma misalin zakara, wanda ni ya fi burge ni. Zakara in ya hango shaho yakan yi kukan gargaɗi idan akwai kaji kusa, amma in shi kaɗai ne yakan yi shiru, don kada ya tona wa kansa asiri a banza. A 2023 wasu masu bincike a jami'ar Bonn ta Jamus suka haska inuwar shaho a saman zakaru. In akwai wani zakaran da suke gani a gefe, sai gargaɗi. In babu kowa, yawanci shiru. In madubi ne a gabansu, nan ma yawanci shiru, wato ba su lissafa na cikin gilashin a matsayin ɗan'uwan da za a gargaɗa ba. Zakarun nan kuma da aka yi musu jarrabawar tabo, faɗuwa suka yi. Ashe dabba na iya sanin cewa ba wani ne a cikin madubi ba, ba tare da ta nuna hakan ta hanyar da Gallup ya tsara ba.

Saboda haka cin jarrabawar hujja ce mai ƙarfi, faɗuwa kuwa ba ta tabbatar da komai. Ko a cikin cimfanzi ba kowanne ke ci ba, musamman ƙanana da tsofaffi, kuma giwaye biyun da ke tare da Happy ba su taɓa tasu alamar ba.

Me kare ke gani a ciki, to?

Yana ganin kare. Wannan kam babu shakka, tunda gaisuwar karnuka yake yi wa hoton. A Faransa a 2013 an nuna wa karnuka tara hotunan fuskoki a allon kwamfuta, suka iya ware na karnuka daga na sauran dabbobi da mutane, duk da bambancin jinsin karnukan, daga mai dogon baki zuwa mai murtukakkiyar fuska. Amma a duniyar kare, gani somin-taɓi ne. Karnuka biyu in sun haɗu, ba a gama gaisuwa ba sai an shinshina juna, gaba da baya. Na cikin madubi kuwa, an kai hanci, sai sanyin gilashi. Ba ya wari, ba ya numfashi, ba a zagaya bayansa. Bayan 'yan gwaje-gwaje sai kare ya jefa shi cikin jerin abubuwan da ba su da amfani. Wannan shi ne bayanin da ya fi sauƙi, kuma bai buƙatar a ce ya gane kansa.

Ko ya fahimci yadda madubi ke aiki? Nan sakamakon ya rabu. Tiffani Howell da abokan aikinta a Ostireliya sun gwada a 2011: mai kare ya tsaya a bayansa riƙe da abin wasan da ya fi so, ta yadda sai ta madubi zai gan shi. Kaɗan ne suka waiwaya. A 2013 suka sake da abinci da aka ɓoye bayan shinge, aka ga karnukan da ke da madubi a gabansu sun fi gano shi a kan waɗanda aka rufe wa madubin. Wato wasu karnukan kan iya ɗaukar labari daga gilashi su yi aiki da shi a sarari, musamman in abin ya shafi ciki. Amma amfani da madubi daban, gane fuskarka a cikinsa daban.

Madubin da aka yi da fitsari

Mafarauci ba ya buƙatar a gaya masa inda hankalin kare yake. Ya ga yadda yake kifa kai ƙasa ya bi sawun zomo ko gada a busasshiyar ƙasar da idon mutum bai ga komai ba. A cikin hancin mutum akwai ƙwayoyin jin wari kimanin miliyan 5 zuwa 6. A na kare, gwargwadon jinsinsa, daga sama da miliyan 100 zuwa kusan miliyan 300. In yana shinshina yakan zuƙi iska kamar sau biyar a daƙiƙa ɗaya, ya fitar da ita ta tsagar da ke gefen hancin, don kada wadda ke fita ta kore warin da ke shigowa. A ce karnuka ne ke shirya jarrabawa, sai su ɗiga wani abu a kan sawun da ka taka jiya, su koma gefe su jira ka tsaya ka ce wa ya taɓa warina. Ka wuce abinka, su rubuta cewa ɗan Adam bai san kansa ba.

Wanda ya fara bin wannan hanya shi ne Marc Bekoff, masanin halayyar dabbobi a Boulder ta jihar Colorado. Hanyarsa ba ta da tsada, sai haƙuri. Tsawon hunturu biyar, in karensa Jethro ya yi fitsari a kan dusar ƙanƙara, ko wani kare ya yi, sai Bekoff ya faki idonsa ya kwashe dusar da ta yi rawaya ya kai ta gaba a kan hanya. Abin da ya wallafa a 2001 shi ne, Jethro ba ya daɗewa a kan nasa, ko da an sauya masa wuri, amma na wasu yakan tsaya ya shinshina sosai, kuma ya fi yin nasa a kan na sauran mazan. Kare ɗaya ne, kuma mai shi ne ke lura, saboda haka ba a ɗauke shi a matsayin hujja yankakkiya ba. Roberto Cazzolla Gatti ya maimaita da karnuka huɗu, ya samu kusan irin wannan.

Alexandra Horowitz ta kwalejin Barnard a New York ce ta gyara gwajin ya yi kusa da na Gallup. A 2017 ta ba karnuka 36 gwangwanaye masu huji a murfi, ta auna daɗewar da kowanne ke yi yana shinshinawa. Wani gwangwanin fitsarin karen ne zalla, wani na wani kare, wani kuma nasa ne amma an ƙara masa wani warin. Wannan ƙarin shi ne makwafin jan tabon goshi. Karnukan sun fi daɗewa a kan na wasu fiye da nasu, sun kuma fi daɗewa a kan nasun da aka gurɓata fiye da nasu zalla. Don kada a ce sabon warin ne kawai ke jan su, ta sake gwaji da man wani tsiro mai ƙamshi, aka ga sun fi tsayawa a kan haɗin fitsarinsu da man fiye da man shi kaɗai. Fassararta ita ce, kare yana riƙe da yadda warinsa ya kamata ya kasance, yana kuma lura in an taɓa shi.

Gallup da abokin aikinsa James Anderson sun yi raddi, kuma raddin nasu yana da nauyi. Suka ce duk dabba takan daina kula da abin da ta saba da shi, kuma babu warin da kare ya fi sabawa da shi kamar nasa. Sannan cimfanzi da ya ga tabo, jikinsa ya komawa. Karen da ya ji an sauya zarninsa kuwa bai juya ya shinshina kansa don ya ga ko wani abu ya same shi ba. A ganina suna da gaskiya a nan: gwajin ya nuna kare na bambanta nasa da na wani, bai kai ga nuna cewa yana tunani a kan kansa ba. Amma ba ƙaramin abu ba ne a ce dabba na ɗauke da bayanin kanta har tana gane an yi masa ƙari.

Tabarmar Budapest

Hujjar da ta fi gamsar da ni ba ta da alaƙa da hanci ko madubi. A jami'ar Eötvös Loránd da ke Budapest a ƙasar Hangari, Rita Lenkei da Péter Pongrácz da abokansu sun wallafa wani gwaji a 2021 da karnuka 32. Ana tsayar da kare a kan 'yar tabarma, a ce ya ɗauko abin wasa ya miƙa wa mai shi. Dabarar ita ce, abin wasan a ɗaure yake da tabarmar da karen ke takawa. In ya ja, ba zai taso ba, domin nauyinsa ne ya danne. Mafita ɗaya ce, ya sauka.

Suka sauka. Da yawa ma da abin wasan a baki suka sauka, suna ci gaba da ja. Don a tabbatar ba tsoro ko rikicewa ba ce, wani lokacin sai a ɗaure abin wasan da ƙasa maimakon tabarmar, ta yadda sauka ba za ta yi amfani ba. A nan ba su cika sauka ba. An kuma gwada jan tabarmar daga ƙarƙashinsu da igiya, don a ga ko motsin da suke ji a tafin ƙafa ne ke korar su, shi ma bai sa su sauka kamar na farko ba. Ma'ana, karen ya gane cewa cikas ɗin jikinsa ne. An aro gwajin ne daga wanda ake yi wa jarirai da keken tura kaya da aka ɗaura wa tabarma, kuma yara kan fara warware shi ne a daidai lokacin da suke fara gane kansu a madubi. Giwaye ma sun ci irinsa a 2017.

Wannan rukunin masu binciken sun kuma nuna cewa kare na da masaniya a kan girman jikinsa. In aka ba shi ƙofar da ta yi masa ƙanƙanta, yakan yi jinkiri tun daga nesa, kafin ya gwada cusa kai. Wata abokiyar aikinsu a jami'ar, Claudia Fugazza, ta koya wa karnuka umarnin da ke nufin su maimaita abin da suka yi yanzu. Daga baya ta riƙa ba su umarnin ba zato, bayan sun yi wani abu don kansu wanda ba a taɓa horar da su a kai ba, suka maimaita, wasu har bayan awa guda, kodayake tunawar na raguwa da tsawon lokaci. Wanda zai maimaita aikinsa sai ya riƙe cewa shi ya yi shi.

Bekoff yana da wani rabe-rabe da ke taimakawa a nan. Ya ce akwai sanin "jikina", akwai sanin "nawa", akwai kuma sanin "ni". Na farko shi ne sanin inda jikinka ya ƙare, duniya ta fara. Na biyu shi ne warina, ƙashina, gidana, maigidana. Na uku shi ne ka fita daga kanka ka kalli kanka, ka san yadda wasu ke ganinka, ka auna halinka. Kare na da na farko da na biyu, hujjoji sun taru a kai. Na ukun ne babu wanda ya nuna. Frans de Waal, wanda yana cikin waɗanda suka gwada giwa Happy, ya daɗe yana cewa kuskure ne a ɗauki sanin kai abu ɗaya da ko dai akwai shi ko babu. Hawa-hawa ne, kuma madubi hawa ɗaya kawai yake aunawa.

Kunyar da ba kunya ba

Masu kare da yawa za su ce ai na ukun ma yana da shi, ga shi in ya yi ɓarna yana jin kunya. Ka dawo ka tarar an ci naman da ka ajiye, kare ya sunkuyar da kai, ya kwantar da kunnuwa, ya cusa jela tsakanin ƙafafu, yana satar kallonka. Wa zai ce wannan bai san ya yi laifi ba?

Horowitz ta gwada wannan ma, a 2009, da karnuka 14. Mai kare zai hana shi cin wani abu, ya fita daga ɗakin. Wani lokaci karen ya ci, wani lokaci a ɗauke abincin bai ci ba. In mai shi ya dawo, wani sa'in a gaya masa gaskiya, wani sa'in a juya masa labarin. Abin da ya fito shi ne, sunkuyar da kan ba ya bin cin abincin, faɗan mai gida yake bi. Karen da bai ci komai ba, aka yi masa faɗa, shi ne ma ya fi nuna alamun mai laifi. Gwajin bai ce kare ba zai taɓa jin wani abu mai kama da nadama ba. Ya nuna dai cewa fuskar nan da muke karantawa a matsayin amsa laifi, ban-haƙuri ce ga wanda ya ga ransa ya ɓaci. Kare gwani ne wajen karanta mutum, ya fi ƙwarewa a nan fiye da karanta kansa. Shi ya sa dukan kare da yamma a kan ɓarnar da ya yi da safe ba ya koya masa komai sai tsoron dawowarka gida.

In kwikwiyonka na yi wa madubi ko gilashin ƙofa haushi, ƙyale shi, zai daina don kansa. Kada a riƙe shi a tura fuskarsa ga gilashin don a yi dariya, musamman in yana rawar jiki ko gurnani. In abin ya ƙi wucewa, a rufe madubin da zane ko a sauya masa wuri. A kuma guji yi masa wasa da hasken tocila ko walƙiyar madubi a bango, domin wasu karnukan kan kamu da bin haske da inuwa har ya zame musu ciwo. Tsohon karen da ya shekara yana wuce gilashi bai kula ba, sai kwatsam ya fara yi masa haushi, ko yana tsayawa ya zuba wa bango ido, ko yana ɓata hanya a cikin gidan da ya sani, wannan ba batun sanin kai ba ne. Yana iya zama ido ne ke mutuwa ko ruɗewar tsufa, kuma likitan dabbobi ya kamata ya duba shi.